Labarin Huhu a Tambayi Farce

A ɗakin shan magani na bayan kasuwar Potosí,
inda iska ba ta cika ƙirji ko an ja ta da ƙarfi,
ni Delfina ba na fara da "me ke damunka?"
Cewa nake, miƙo hannu.
Baki ya iya rufa wa mai shi asiri,
farce bai taɓa iyawa ba.

Severina mai wankin kayan 'yan rami
ta zo da yatsa a naɗe cikin tsumma.
Karkare ne, ya nuna, ya yi jawur,
yana bugawa kamar da tasa zuciyar daban.
Kwana uku ba ta runtsa ba.
Na tsaga, mugunya ta fita, ta sauke numfashi,
sai idona ya kai kan sauran taran:
kowanne ya lotsa a tsaka kamar cokali,
ɗigon ruwa zai kwana ciki bai zube ba.
Na ce, jini ya yi ƙasa, yaushe rabonki da nama?
Ta yi dariya. "Tun bikin 'yata."
'Yar nan yanzu yaye biyu ta yi.

Nilo kuwa takalmin roba ya gada,
ƙafarsa ta girme shi da lamba biyu.
Farcen babban yatsa ya rasa hanyar gaba
sai ya juya ya shige tsoka.
Na ce, ka riƙa yankewa a miƙe, kar ka bi kwana.
Ya ce to.
Takalmin nan dai shi zai mayar da asuba.

Tsofaffin rami ba sa son cire safa a gabana.
Ruwan ƙarƙashin dutse ya daɗe yana cin ƙafarsu,
farce ya yi kauri, ya yi rawaya kamar ƙahon tsohon rago,
in ka taɓa sai ya rugurguje.
Magani na watanni ne, haƙuri na shekara,
yawancinsu haƙurin kawai suke iya saya.

Ranar Laraba Don Fermín Huallpa ya kawo jikarsa.
Wani kwari ya gitta kowane farcen yarinyar,
sawun zazzaɓin da ya kayar da ita wata biyu baya.
Na ce, ba komai, jiki ne ya tsaya ya huta,
layin zai tafi da kansa har bakin almakashi.
Ya ji daɗi. Ya ɗauki hularsa.
Nan na ga hannun.

Kan yatsu ya kumbura kamar kan taɓarya,
farata sun lanƙwasa kamar bayan ƙoƙo,
da wani shuɗi-shuɗi da ba na sanyi ba.
Na ce, haɗa farcen manuniya biyu, baya da baya.
Ga mai lafiya 'yar taga kan buɗe a tsakani,
ƙanƙanuwa, haske ya ratsa.
Tasa a rufe take ruf.

Shekara nawa cikin dutse?
"Ashirin da shida."
Tari fa?
Ya dubi yarinyar, ya tura ganyen koka gefen kunci.
Bai amsa ba, ni ma ban sake ba.
Irin hannun nan na sani tun ban kai tebur tsawo ba,
shi ya riƙe ni ranar fara makaranta,
ni na yanke masa farce na ƙarshe.

Na rubuta takardar hoton ƙirji, ya ninke ta huɗu
ya cusa a hula, inda takardu ke mutuwa.
Sannan ya baje yatsunsa a kan teburina:
"Ɗan rage min su, 'yar nan.
Ta ce ina karce ta in na goya ta."

Na jawo kujera.
Ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa kan farar takarda,
kowanne da baƙin layinsa a ƙasa,
abin da dutsen azurfa ya bar masa ke nan.